Damuwa da fargaba a tsakanin masu amosanin gaɓɓai

Idan mai fama da amosanin gaɓɓai nau'in rumatoyid ta je asibiti, likita kan duba yatsunta da wuyan hannunta, ya ƙirga gaɓɓan da suka kumbura, sannan ya tura ta gwajin jini. Ba kasafai ake tambayarta halin da zuciyarta take ciki ba.

To sai dai binciken da aka yi ta gudanarwa a ƙasashe da dama ya nuna cewa amsar wannan tambaya tana da hannu wajen sanin ko magani zai karɓe ta, har ma da yadda ya kamata a fassara sakamakon awon da likitan ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutane kimanin miliyan 18 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kuma kashi 70 cikin 100 daga cikinsu mata ne.

Wace irin cuta ce?

Abin da Bahaushe ke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi ya ƙunshi cututtuka da yawa waɗanda asalinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka fi gani shi ne zaizayewar guringuntsi a gwiwa ko kwatangwalo, wanda kan zo da yawan shekaru ko aikin ƙarfi.

Rumatoyid dabam yake. A nan garkuwar jiki ce, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta far wa tantanin da ke lulluɓe da cikin gaɓa, sai wurin ya kumbura ya yi zafi. Yakan fara ne daga ƙananan gaɓɓan yatsun hannu da na ƙafa da wuyan hannu, kuma galibi hagu da dama a tare. Da safe gaɓɓan kan sandare har tsawon sa'a guda ko fiye kafin su saki. Idan ba a yi magani ba kumburin kan cinye ƙashi ya karkatar da yatsu, yana kuma iya taɓa huhu da zuciya da idanu.

Har yanzu babu maganin da ke kawar da cutar baki ɗaya, amma akwai waɗanda ke kwantar da ita ta yadda mutum zai ci gaba da harkokinsa.

Ita ma damuwar da ake magana a kanta a nan ba ɓacin ran da kowa kan yi ya wuce ba ne. Likitoci na kiran abu ciwon damuwa ne idan mutum ya shafe aƙalla makonni 2 cikin baƙin ciki kusan kullum, ko ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa rai, tare da wasu alamu irin su rikicewar barci, da ganin kansa ba shi da amfani, da kasa tattara hankali wuri guda. Ciwon fargaba kuwa zullumi ne da ya wuce kima wanda mutum ya kasa tsayarwa, ya zo da faɗuwar gaba da rashin natsuwa.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekara ta 2013 Faith Matcham da abokan aikinta a King's College da ke Landan sun tattara sakamakon bincike 72 da aka yi a kan masu rumatoyid sama da dubu 13.

Inda aka zauna aka yi wa majiyyaci tambayoyi bisa ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa, kimanin kashi 17 cikin 100 aka samu da ciwon damuwa mai tsanani, wato mutum 1 cikin kowane 6. Inda kuwa aka yi amfani da wata takarda mai tambayoyi 9 da majiyyaci ke cikewa da kansa, adadin ya kai kusan kashi 39.

Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu tana da dalili. Takardar tana tambaya a kan gajiya da barci da cin abinci, waɗanda shi kansa rumatoyid yana ɓata su ko da zuciyar mutum lafiya lau take. Amma ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, ya ninka sama da sau 3 abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 ga manyan mutane gaba ɗaya, wato kimanin kashi 5 cikin 100.

Wani binciken da aka buga a 2018, wanda ya bi bayanan asibiti na masu rumatoyid sama da dubu 10 a lardin Manitoba na ƙasar Kanada, ya gano cewa sun fi sa'o'insu marasa cutar kamuwa da damuwa da kuma fargaba. Sau da yawa ciwukan biyu tare suke zuwa.

Wani tsohon kuskure

Ba yau aka fara danganta wannan cuta da halin zuciya ba, sai dai an taɓa yin hakan ta hanyar da ba ta yi wa marasa lafiya adalci ba.

A 1950 Franz Alexander, wani likitan ƙwaƙwalwa da ke aiki a birnin Shikago na Amurka, ya lissafa cututtuka 7 da ya ce rikicin cikin zuciya ne tushensu. Cikinsu har da gyambon ciki da asma da hawan jini da kuma rumatoyid. A ganinsa fushin da mutum ya danne ya ƙi furtawa shi ne ke komawa ya kama gaɓɓai. Daga nan aka shafe shekaru ana rubuce-rubuce a kan wai akwai wani hali na musamman da ke jawo wa mutum cutar.

Wannan ra'ayi bai ɗore ba. Da aka duba waɗanda cutar ta kama ba da daɗewa ba, sai aka ga halinsu bai bambanta da na sauran jama'a ba, abin da ke nuna cewa halayen da aka gani a wajen tsofaffin majiyyata sakamakon shekarun wahala ne. Shi ma gyambon ciki daga bisani aka gano cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa.

Dalilin tuno da wannan shi ne, duk lokacin da aka ce ciwo yana da alaƙa da tunani, majiyyaci kan ji kamar ana cewa shi ya jawo wa kansa, ko kuma raki yake yi. Binciken zamani bai faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Asarar da ta fi zafin ciwo

Hanya ta farko da cutar ke bi ta kai ga damuwa a fili take. Ciwo ne da ba ya barin mutum ya yi barci, shi kuma rashin barci yana ƙara wa jiki jin zafi washegari. Ga kuma wata irin gajiya da masu cutar da yawa ke cewa ta fi zafin kansa damunsu.

Amma a tsakiyar shekarun 1990 Patricia Katz da Edward Yelin na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, waɗanda suka bi wasu mata masu cutar na tsawon shekaru, sun lura cewa abin da ya fi hasashen zuwan damuwa shi ne rasa ayyukan da mace ke ɗauka da daraja a rayuwarta. Wato ba yawan abubuwan da hannu ya kasa yi ba ne kawai abin dubawa, har da matsayin abin a wurin mai shi.

Duk wanda ya san yadda gida ke tafiya zai gane wannan. Macen da yatsunta suka kasa riƙe muciya, ko matse wanki, ko ɗaure goyo, ko yi wa 'yarta kitso, ba aiki kaɗai ta rasa ba, ta rasa abin da take ganin shi ne matsayinta a gidan. Haka tela da ya kasa riƙe almakashi, ko manomin da ƙotar fartanya ta gagare shi. Hatta gaisawa da hannu kan zama abin gudu, domin matse tushen yatsu yana daga cikin abubuwan da suka fi yi wa mai rumatoyid zafi. Lokacin da gaɓɓai suka fi sandarewa kuma shi ne da asuba, daidai lokacin alwala da salla.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, a farkon cutar babu abin da ido ke gani sosai. Mutum na iya tashi yau da ƙarfinsa, gobe ya kasa buɗe murfin kwalba. Mutanen gida su fara zargin lalaci, majiyyaci kuma ya fara janye jiki daga biki da suna da zaman majalisa.

Kumburi da ƙwaƙwalwa

Hanya ta biyu ba ta biyowa ta tunani. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai, kuma biyu daga cikinsu, waɗanda ake kira TNF da IL-6, su ne kan gaba wajen rura kumburin rumatoyid. Waɗannan sinadarai ba a gaɓa kawai suke tsayawa ba, saƙonsu yana isa ƙwaƙwalwa.

Kowa ya taɓa ɗanɗana wannan. Mai zazzaɓin cizon sauro ko mura mai ƙarfi ba ya son magana, ba ya son abinci, ba abin da ke ba shi sha'awa sai kwanciya. Garkuwar jiki ce ke sa ƙwaƙwalwa ta yi haka don jiki ya huta, kuma da zarar zazzaɓin ya sauka sai walwala ta dawo. A wajen mai rumatoyid saƙon ba ya yankewa.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga wata cutar dabam. Kafin zuwan ƙwayoyin zamani, ana yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar intaferon, wanda shi ma sinadarin garkuwar jiki ne. Kimanin mutum 1 cikin 4 da aka yi wa allurar sun kamu da ciwon damuwa mai tsanani a lokacin da suke karɓarta.

Ganin haka ya sa masana suka tambayi ko maganin kumburi zai warkar da damuwa. A wani gwaji da aka buga a 2013, masu bincike a Jami'ar Emory da ke Atlanta sun ɗauki mutane 60 masu damuwar da ta ƙi jin magani, suka ba rabinsu infiliksimab, wato ɗaya daga cikin magungunan rumatoyid da ke toshe TNF. A dunƙule maganin bai fi ruwan allurar da babu magani a ciki ba. Amma waɗanda gwajin jininsu ya nuna kumburi mai yawa tun farko sun nuna alamun samun sauƙi.

A 2018 kuma Matcham da abokan aikinta sun sake tattara gwaje-gwajen da aka yi wa sababbin magungunan rumatoyid. Sun gano cewa lafiyar ƙwaƙwalwa takan ɗan inganta, amma ba kamar yadda lafiyar jiki ke inganta ba, suka kuma yanke cewa da wuya maganin gaɓɓai shi kaɗai ya wadatar ga akasarin majiyyata. Ke nan kumburi yana da kaso a cikin matsalar, amma likitan da ya ce bari gaɓɓai su lafa damuwa za ta tafi da kanta, yana iya daɗewa yana jira.

Hanya ta uku kuwa ita ce shi kansa maganin. A watan Satumban 1948 Philip Hench na asibitin Mayo da ke Amurka ya fara gwada kotizon a kan wata mata mai rumatoyid da ta kasa tashi, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Wannan aiki ya sa shi da wasu masana biyu suka sami lambar yabo ta Nobel a 1950. Amma tun a kan majiyyatan farko aka lura da sauyin hali, daga annashuwar da ta wuce kima zuwa rashin barci da baƙin ciki.

Wani bincike da aka yi a Boston a 1972 ya nuna cewa abin ya danganta da yawan abin da aka sha. Tsakanin masu shan miligiram 40 ko ƙasa da haka na firedinison a rana, kashi 1.3 cikin 100 ne suka sami rikicewar tunani mai tsanani, amma a tsakanin masu shan sama da miligiram 80 adadin ya haura kashi 18. Abin da likitoci ke bai wa masu rumatoyid a yau galibi bai kai ko kusa da haka ba. Haɗarin ya fi yawa ne ga wanda ke sayen firedinisolon ko dekzametazon a kemis yana ƙara wa kansa duk lokacin da ciwo ya motsa. Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan kuma bai kamata ya daina farat ɗaya ba, sai likita ya rage masa sannu a hankali.

Alaƙar ba ta gefe ɗaya ba ce. Wani bincike na bayanan inshorar lafiya a Taiwan da aka buga a 2016 ya nuna cewa kamar yadda masu rumatoyid suka fi kamuwa da damuwa, haka masu damuwa suka fi kamuwa da rumatoyid daga baya. A 2018 masu bincike na Jami'ar Calgary a Kanada, waɗanda suka duba bayanan likitocin Birtaniya, sun sami ƙarin haɗari na kashi 38 cikin 100 ga masu damuwa. Wannan bai tabbatar da maganar Alexander ba. Shan taba, wanda sananne ne wajen jawo rumatoyid, ya fi yawa a tsakanin masu damuwa, sannan garkuwar jiki kan fara rikicewa shekaru kafin gaɓa ta farko ta kumbura.

Awon da kan ruɗi likita

A nan ne batun ya fi shafar magani kai tsaye. Ma'aunin da likitoci suka fi amfani da shi wajen sanin ƙarfin cutar ana kiransa DAS28, kuma a ƙasar Holand aka tsara shi cikin shekarun 1990. Yana haɗa abubuwa 4: yawan gaɓɓan da suka kumbura daga cikin 28, da yawan waɗanda ke zafi idan an danna, da gwajin jini mai nuna kumburi, da kuma makin da majiyyaci ya bai wa lafiyarsa da kansa. Idan jimilla ta yi ƙasa da 2.6 ana cewa cutar ta kwanta, idan ta haura 5.1 kuwa tana kan ganiyarta.

Biyu daga cikin huɗun, wato kumburi da gwajin jini, abubuwa ne da likita ke gani. Sauran biyun daga bakin majiyyaci suke fitowa.

Wani bincike a ƙasar Norwe da aka buga a 2017, wanda ya haɗa da masu rumatoyid sama da 1,300 da suka fara sabon magani, ya gano cewa waɗanda ke da damuwa ko fargaba tun farko ba su cika kaiwa matakin kwanciyar cuta ba bayan watanni 3 da kuma 6. Da aka warware ma'aunin sai aka ga bambancin yana wajen zafi da makin majiyyaci, amma gwajin jininsu da yawan kumburinsu bai fi na sauran ba.

Wannan ba ya nufin zafin na ƙarya ne. Akwai jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka suna rage ƙarfin saƙon zafi kafin ya iso, kuma sinadaran da suke aiki da su suna daga cikin waɗanda ciwon damuwa ke shafa. Idan wannan birki ya yi rauni, dannawar da wani zai ji kaɗan sai ta zame wa mai damuwa azaba.

Matsalar ita ce abin da likita zai yi da lambar. Ƙa'idar da ake bi a yau ita ce a ci gaba da ƙara ƙarfin magani har sai cutar ta kwanta. Idan damuwa ce ta ɗaga lambar kuma ba a gane ba, za a iya ɗora majiyyaci a kan magani mai tsada da ke ƙara danne garkuwar jiki, alhali kumburin ya riga ya lafa. Magungunan da ke toshe TNF, alal misali, suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a ƙasashen da tarin ya yi yawa.

Ta ɗaya gefen kuma, mai damuwa shi ne ya fi saurin ajiye magani. Metotireksat, wanda shi ne ginshiƙin maganin rumatoyid, sau ɗaya ake shan sa a mako, yakan ɗauki makonni 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa, kuma yana buƙatar gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Duk wannan yana son haƙuri da sa rai, waɗanda su ne abin da damuwa ke fara cinyewa. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2005, wanda ya bi majiyyata 1,290 har tsawon shekaru 18, ya gano cewa haɗarin mutuwa a tsakanin masu damuwa ya ninka na sauran kimanin sau 2.

Zullumin gobe

Fargaba tana da nata tushen. Cutar takan lafa ta motsa ba tare da sanarwa ba, don haka mutum ba ya iya yin alkawarin tafiya ko karɓar aiki da kwanciyar hankali. Wasu kan daina motsi don tsoron kada su tayar da ciwo, sai tsoka ta yi rauni, gaɓa ta ƙara sandarewa, abin da ake gudu ya auku.

Ga matan da ke shekarun haihuwa akwai ƙarin nauyi. Metotireksat yana iya zubar da ciki ko ya nakasa jariri, don haka dole a dakatar da shi kafin ɗaukar ciki, ba a kuma shan sa lokacin shayarwa. Macen da aka gaya wa wannan a gurguje tana iya fita da tunanin cewa an ba ta zaɓi ne tsakanin hannuwanta da haihuwa, da duk abin da hakan ke nufi ga zaman aurenta. Alhali akwai magunguna irin su haidiroksikulorokwin da salfasalazin da ake ci gaba da sha da juna biyu. Kimanin rabin mata ko fiye ma cutar kan yi musu sauƙi a lokacin goyon ciki, abin da Hench ya rubuta tun 1938. Lokacin da ya fi buƙatar sa ido shi ne watannin jego, domin a nan cutar ta fi dawowa, a nan ne kuma damuwar bayan haihuwa ke kama mata.

Halin da ake ciki a Najeriya

An daɗe ana ɗauka cewa rumatoyid ba cutar Afirka ta Yamma ba ce. Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan, ya ba da rahoto a 1969 cewa ba a cika ganinta ba, kuma wani bincike da aka buga a 1993 a kan mutane kusan 2,000 a karkarar kudu maso yammacin ƙasar bai sami ko mutum ɗaya mai ita ba.

Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa sun wallafa bayanan masu rumatoyid 200 da suka gani a Legas. Abin da ya fi ɗaukar hankali a rahoton shi ne, a matsakaici sai da suka shafe sama da shekaru 5 da ciwo kafin su isa wurin ƙwararre, alhali watannin farko ne lokacin da magani ya fi hana lalacewar gaɓɓai.

Shekaru 5 na ciwon da ba a san sunansa ba sun isa su karya zuciyar kowa. A cikinsu ne ake shan maganin taifot da na sanyi, a je wurin mai ɗori da mai ganye, dukiya ta tafi, a wasu gidajen kuma a fara zancen sammu da zargin makusanta.

Ko an isa asibiti, mutane da dama ba sa cewa suna cikin baƙin ciki. Sai dai su ce kansu na ɗaukar zafi, ko gabansu na faɗuwa, ko wani abu na yi musu yawo a jiki. Ga tsoron kada a ce mutum ya taɓu, ga kuma masu ganin cewa damuwa alama ce ta ƙarancin tawakkali.

Wannan ra'ayi na ƙarshe ba shi ne na magabatan likitocin Musulmi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus inda ya bayyana cewa ciwon jiki da na rai suna shafar juna. Ya kuma bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda kan sauko wa mutum ba tare da dalili ba, wanda ya ce daga jiki yake kuma yana buƙatar magani.

A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Tun 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke da wani shiri na horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane damuwa su kuma yi maganinta, saboda ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasashe masu tasowa.

Tambayoyi biyu

Gano matsalar ba ya buƙatar na'ura. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara tun 2009 cewa a riƙa yi wa masu ciwon da ba ya warkewa tambayoyi biyu: ko a cikin watan da ya wuce mutum ya yawaita jin baƙin ciki ko yanke ƙauna, da kuma ko ya daina jin sha'awar abubuwan da ya saba yi. Wanda ya amsa da i ga ɗaya daga ciki sai a zurfafa bincike. Ƙa'idojin hukumar na 2018 a kan rumatoyid sun sanya damuwa cikin abubuwan da za a duba kowace shekara, tare da hawan jini da ciwon zuciya.

Waɗannan tambayoyi ba su taɓo gajiya ko barci ba, shi ya sa alamun rumatoyid ba sa ruɗa su.

Dangane da magani, wanda aka fi gwadawa shi ne zaman tattaunawa da ake kira CBT, inda ake koya wa majiyyaci ya gane tunanin da ke ƙara masa nauyi, ya kuma tsara aikinsa ta yadda ba zai ƙure kansa ranar sauƙi ya kwanta kwana uku ba. Wani gwaji a asibitoci 7 na Birtaniya da aka buga a 2019 ya nuna cewa ma'aikatan jinya na sashen gaɓɓai, idan an horar da su, suna iya gudanar da irin wannan zama rukuni-rukuni, kuma ya rage wa majiyyata nauyin gajiya har tsawon shekaru 2. Motsa jiki daidai gwargwado, kamar tafiya a ƙasa, ba ya lalata gaɓɓai kuma yana taimaka wa barci da walwala. Mai salla kuma ya san cewa malaman fiƙihu sun yarda wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune.

Ƙwayoyin maganin damuwa suna aiki ga masu rumatoyid, sai dai sukan ɗauki makonni 2 zuwa 4 ko fiye kafin a ji canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla watanni 6 bayan samun sauƙi. Akwai abubuwan kiyayewa guda biyu da suka shafi masu ciwon gaɓɓai musamman. Rukunin da ake kira SSRI idan ya haɗu da magungunan zafi irin su diklofenak da aibufurofen yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki, idan kuma ya haɗu da Tramol yana iya jawo rawar jiki da ruɗewa da farfaɗiya. Ƙwayoyin sa barci irin su Valium kuwa ba maganin fargaba mai daɗewa ba ne, kuma jiki kan saba da su cikin 'yan makonni. Don haka likitoci ke son majiyyaci ya zo da duk abin da yake sha, har da na kemis da na gargajiya.

Idan majiyyaci ya fara cewa ya zame wa iyalinsa kaya, ko gara mutuwa da wannan rayuwa, ko aka ga yana tara ƙwayoyi, likitoci na ɗaukar wannan a matsayin lamarin gaggawa. Ba a barinsa shi kaɗai, a ɗauke magungunan daga inda yake, a kuma kai shi asibiti a ranar ba tare da jiran ranar da aka ba shi ta ganin likitan gaɓɓai ba.